Halin Mutum da Halin da Yake Ciki: Tsokaci Kan Yadda Muke Yanke wa Mutane Hukunci

Gabatarwa

Ɗalibin da ya fara nazarin tsarin sautin Hausa ba ya daɗewa sai ya ci karo da wasu kalmomi waɗanda rubutu ya sa musu riga ɗaya, alhali kunne ya san kowace da inda ta dosa. Daga cikinsu akwai kalmar hali. Idan aka ce, "Audu yana da kyan hali," ana nufin ɗabi'arsa, kuma wasalin gaɓar farko gajere ne. Idan kuwa aka ce, "Audu yana cikin wani hali," ana nufin yanayin da ya tsinci kansa a ciki, a nan wasalin gaɓar farko dogo ne, karin sautin gaɓar ƙarshe kuma ya sauka. Da yake daidaitaccen rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, sai duka biyun suka zama abu ɗaya a kan takarda, aka bar wa mai karatu aikin rarrabewa ta hanyar duba abin da ke kewaye da kalmar.

Na kawo wannan misali ne saboda irin wannan rikicewa ta wuce takarda, ta shiga zamanmu da jama'a. Kullum muna ganin halin da mutum yake ciki mu karanta shi a matsayin halinsa. Muna ganin fuska, ko mu ji karin harshe, ko wani ya raɗa mana kalma ɗaya a kunne, kafin mutum ya gama sallama mun riga mun ajiye shi a wani gurbi. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, wannan hukunci na ganin farko babu mai iya hana zuciyarsa yanke shi, kuma ɗarsuwarsa kaɗai ba abin zargi ba ce. Inda laifi yake farawa shi ne lokacin da muka ɗauke shi a matsayin shaida, muka gina makin ɗalibi ko aikin wani ko auren wata a kansa. Zan jingina bayanina da binciken masana halayyar ɗan Adam, wanda yawancinsa a Amurka da Kanada aka yi shi, sannan in duba abin da ya shafe mu a matsayinmu na masu nazarin Hausa.

Hukuncin ƙiftawar ido

A shekarar 2006, Janine Willis da Alexander Todorov na Jami'ar Princeton sun nuna wa mutane hotunan fuskokin da ba su taɓa gani ba, na tsawon kashi ɗaya bisa goma na sakan guda, suka tambaye su ko mai wannan fuska abin yarda ne, ko ƙwararre ne, ko mai faɗa ne. Amsoshin da aka bayar a wannan ɗan lokaci sun yi daidai ƙwarai da na waɗanda aka bar su suka kalli hotunan iya son ransu. Da aka ƙara lokacin zuwa rabin sakan, sannan zuwa sakan guda, hukuncin bai sauya sosai ba. Abin da ya ƙaru shi ne tabbacin da mai hukuncin yake ji a ransa. Wato ƙarin kallo bai ƙara masa sani ba, sai dai ya ƙara masa yarda da abin da ya riga ya yanke.

Shekara guda kafin haka, Todorov da abokan aikinsa sun nuna wa mutane hotunan 'yan takarar majalisar dattawan Amurka biyu-biyu, na sakan guda, suka ce a zaɓi wanda ya fi kama da ƙwararre. Wanda aka zaɓa ta fuska kawai shi ne ya ci zaɓen gaske a kusan kashi 70 cikin 100 na kujerun. A 2009 kuma wasu masana biyu na Jami'ar Lausanne ta ƙasar Suwizalan, John Antonakis da Olaf Dalgas, suka maimaita gwajin da yara 'yan shekara 5 zuwa 13. Suka nuna musu hotunan 'yan takarar majalisar dokokin Faransa na zaɓen 2002, suka ce su zaɓi wanda zai tuƙa musu jirgin ruwa a wani wasa. A cikin kowane zaɓi goma, kimanin bakwai na yaran sun faɗa kan wanda ya yi nasara a akwatin zaɓe.

Dole a yi hattara wajen fassara wannan sakamako. Bai nuna cewa fuska tana bayyana ƙwarewa ba. Abin da ya nuna shi ne, manyan da suka je rumfar zaɓe sun yi amfani da ma'aunin da yaro ɗan shekara shida yake amfani da shi. Shi kansa Todorov ya rubuta littafi a 2017 yana bayanin cewa yawan haɗuwar mutane a kan abin da fuska take nunawa ba ya nufin sun dace da gaskiya. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, kuma maganar tana kan hanya idan ana nufin fushi ko murna ko firgici na wannan lokaci. Amma gaskiya da amana ba su da wata alama a goshi ko a haɓa. A nan sai a koma ga ɗaya karin maganar, kama da wane ba ta wane.

Wake ɗaya

Ba ido kaɗai yake wannan gaggawa ba, har da kunne. A 1946 Solomon Asch ya karanta wa rukuni biyu na ɗalibai jerin siffofi bakwai na wani mutum: mai basira, gwani, mai ƙwazo, mai azama, mai iya tafiyar da al'amura, mai taka-tsantsan, da wata siffa guda da ya sauya a tsakiya. Ga rukuni na farko ya ce mutumin mai sakin jiki ne da jama'a, ga na biyu ya ce mai ɗari-ɗari ne da su. A Ingilishi kalmomin biyu ma'anarsu ta zahiri ita ce ɗumi da sanyi, kuma ɗalibin fassara ya lura cewa da an juya su kai tsaye da an ɓata ma'anar, domin a Hausa sanyin hali yabo ne, zafi ne abin suka. To, da aka tambayi ɗaliban ko mutumin yana da kyauta, kashi 91 cikin 100 na rukunin farko suka ce yana da ita, a rukuni na biyu kashi 8 kacal. Babu wanda ya ambaci kyauta a cikin jerin. Kalma ɗaya ce ta rina sauran shidan, ta kuma haifo wasu siffofin da ba a faɗa ba.

Asch ya kuma gwada tasirin jeri. Ya ce wa wasu: mai basira, mai ƙwazo, mai gaggawa, mai yawan suka, mai taurin kai, mai hassada. Ga wasu kuma ya karanta waɗannan siffofi shida daga ƙarshe zuwa farko. Na farko suka ga haziƙi mai 'yan kurakurai, taurin kansa ma suka ɗauke shi tsayuwa a kan ra'ayi. Na biyu suka ga mahassadi wanda basirarsa ta ƙara masa haɗari. A 1950 Harold Kelley ya fitar da wannan gwaji daga takarda zuwa aji, ya raba wa ɗalibai bayanin wani baƙon malami kafin ya shigo, rabi da waccan kalma rabi da ɗayar. Malami ɗaya ne, darasi ɗaya, a aji ɗaya, amma kashi 56 na waɗanda aka ce musu yana da sakin jiki sun shiga tattaunawa da shi, na ɗaya ɓangaren kashi 32 ne.

Tun 1920 Edward Thorndike ya lura da irin wannan a rahotannin da manyan hafsoshin sojan Amurka suke rubutawa a kan na ƙasa da su. Wanda aka ba babban maki a ƙirar jiki sai a ga an ba shi babban maki a basira da shugabanci da ɗabi'a, fiye da yadda hankali zai ɗauka. Za mu iya kiran wannan rinjayen siffa guda, kuma Bahaushe ya san shi ta fuska biyu. A ɓangaren yabo ya ce so hana ganin laifi. A ɓangaren suka ya ce in ana ƙin ka, ko ruwa ka shiga sai a ce ka ta da ƙura. Duk wanda ya taɓa zuwa binciken aure ya san nauyin bakin mutumin farko da aka tambaya. In ya fara da cewa yaron yana da girman kai, shirunsa a gaban surukai sai ya zama hujjar girman kan. In ya fara da cewa yana da kunya, wannan shirun dai shi zai zama hujjar kunyar.

Hali ko hali

Yanzu mu koma ga kalmominmu biyu. A 1967 Edward Jones da Victor Harris sun ba ɗaliban Jami'ar Duke wasu maƙalu, wasu na goyon bayan Fidel Castro na Kyuba, wasu na sukarsa. Aka gaya wa wani rukuni a fili cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangaren da zai kare ba, umartarsa aka yi. Duk da haka, da aka tambaye su ainihin ra'ayin marubucin, sai suka karkata ga cewa wanda ya yabi Castro yana sonsa ne a zuciya. Sun ji halin da aka sa shi a ciki da kunnensu, amma suka tsallake shi suka tafi ga halinsa. Lee Ross ne ya raɗa wa wannan kuskure suna a 1977, ya ɗauke shi a matsayin tushen kurakuran da muke yi wajen jingina aiki ga dalilinsa.

Wani zai ce ai hali shi ne yake tuƙa mutum. Haka ne, amma ba shi kaɗai ba. A 1973 John Darley da Daniel Batson sun yi gwaji da ɗaliban wata kwalejin horar da limaman Kirista a Princeton. Aka tura kowane ɗalibi wani gini ya gabatar da jawabi, wasunsu ma a kan labarin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yasar a hanya. A kan hanyarsu aka ajiye wani mutum a durƙushe yana tari yana nishi. An ce wa wasu ɗaliban suna da sauran lokaci, wasu an ce lokaci ya yi, wasu kuma an ce sun makara ana jiransu. A cikin masu sauran lokaci kashi 63 sun tsaya taimako, na tsakiya kashi 45, waɗanda suka makara kashi 10. Da a ce muna tsaye a bakin wannan lungu muka ga ɗalibi ya wuce mara lafiya da sauri, da mun ce mara tausayi ne. Ba za mu ga agogon da yake kora shi ba.

Abin lura shi ne, idan mu ne a ciki, agogon muke fara gani. In na makara, mota ce ta lalace a hanya. In wani ya makara, ba ya girmama lokacin mutane. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Nahawun Hausa ma yana ba mu kayan aikin wannan son kai, kuma ɗalibi zai amfana in ya sa kunne. Aikatau fasa yana aji na ɗaya a rabe-raben Parsons, yana buƙatar wanda ya aikata. Fashe kuwa yana aji na huɗu, yana iya tsayawa ba tare da an ambaci kowa ba. In tulu ya kuɓuce daga hannuna, sai in ce tulu ya fashe. In daga hannun 'yar aiki ya kuɓuce, sai in ce ta fasa tulu. Haka kuma ɗafa-goshin ma- yake ɗaukar aiki guda da aka yi a shuɗaɗɗen lokaci ya mai da shi sunan mutum. Tsakanin "ya yi ƙarya" da "maƙaryaci ne" akwai tafiya mai nisa, haka tsakanin "ya ji tsoro" da "matsoraci ne," amma harshe yana yin wannan tafiya a numfashi ɗaya.

Ƙarfin wannan kuskure ya danganta da tarbiyya. A 1984 Joan Miller ta kwatanta mutanen Chicago da na Mysore ta ƙasar Indiya, ta ce su ba da labarin wani abu da wani ya aikata su kuma faɗi dalili. Ƙananan yara a wuraren biyu ba su bambanta sosai ba. Manyan Amurkawa sun fi komawa ga ɗabi'ar mai aikin, manyan Indiyawa kuma sun fi ambaton matsayinsa da nauyin da ke kansa da yanayin da abin ya faru. Tunda koyonsa ake yi da girma, ana iya rage shi da tarbiyya.

Hukuncin da ake yanke wa harshe

Wannan ne ɓangaren da ya fi kusa da mu. A 1960 Wallace Lambert da abokan aikinsa na Jami'ar McGill a birnin Montreal na Kanada suka samo mutanen da suka ƙware a Faransanci da Ingilishi, suka naɗi muryar kowannensu yana karanta nassi ɗaya a harsunan biyu. Suka kunna wa ɗalibai muryoyin a gauraye, ba tare da sun san cewa mutum ɗaya suke ji sau biyu ba, suka ce su ƙiyasta basirarsa da tsayinsa da kyansa da sauran siffofi. Ɗalibai masu Ingilishi suka fifita muryar Ingilishi. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne, ɗalibai masu Faransanci su ma muryar Ingilishin suka fifita a kan ta harshensu a yawancin siffofin. A Montreal ta wancan zamani dukiya da manyan muƙamai suna hannun masu Ingilishi, sai kunne ya koyi jin matsayi a cikin sauti.

A 1992 Donald Rubin na Jami'ar Georgia ya kunna wa ɗalibai laccar da wata Ba'amurkiya haifaffiyar jihar Ohio ta karanta. Ga wasu ya nuna hoton farar mace a matsayin mai maganar, ga wasu hoton 'yar Asiya. Waɗanda suka ga hoton 'yar Asiya sun ce sun ji baƙon kari a muryar, kuma da aka gwada fahimtarsu sun gaza ɗaya rukunin. Muryar ba ta sauya ba, zatonsu ne ya toshe musu kunne. Suna ma kaɗai yana yin wannan aiki. A 2004 Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan suka aika takardun neman aiki kusan 5,000 zuwa kamfanoni a Boston da Chicago, suna sauya suna kawai. Takardu masu sunayen da aka san fararen fata da su sun sami kira fiye da masu sunayen baƙaƙen fata da kimanin kashi 50 cikin 100.

Daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan Kananci, kuma hakan ya yi amfani wajen haɗa rubutunmu daga Kano zuwa Yamai zuwa Kumasi. Sai dai tare da amfanin an sami wani abu da ba a nufa ba, wato ɗaukar nisan bakin mutum daga Kananci a matsayin ma'aunin wayewarsa. Basakkwace ko Ba'adare ya ce "shina tahiya," sai a yi murmushi. Ɗan Maraɗi ko Damagaram ya kira makaranta lakwal, ya kira malaminsa mushe kamar yadda aka aro daga Faransanci, ɗan Najeriya ya fashe da dariya domin a wurinsa mushe dabba ce da ta mutu ba yanka, ya manta cewa tebur da mota da fensir da yake faɗa su ma aro ne daga Ingilishi. Wanda ya tashi a zangon Kumasi ko Tamale, inda bambancin jinsi ya yi rauni a Hausarsu, ya ce "yarinya ya zo," sai a ɗauka ƙwaƙwalwarsa ce ta gaza, alhali ƙa'idar da ya taso ya tarar ce yake bi, kuma sau da yawa yana jin harsuna uku ko huɗu.

Ni kaina na faɗa wannan rami. Na taɓa koyar da wani ɗalibi ɗan zango wanda tun ranar farko da ya gabatar da kansa na sa shi a sahun masu rauni saboda yadda yake cakuɗa jinsi. Da aka yi jarrabawar ƙarshe, takardun lamba kawai suke ɗauke da ita, ba suna. Bayan na gama gyara aka haɗa lambobi da sunaye, sai ga shi na uku a aji, sharhinsa a kan karin magana kuwa ya fi na kowa zurfi. Da na waiwaya sai na tarar a tsawon zangon karatun ban taɓa nuna shi ya amsa tambaya ba ko sau ɗaya. Ban zage shi ba, ban rage masa maki ba, amma na hana shi wata uku na damar da na ba wasu, kuma ban san ina yi ba.

Kada a fahimce ni a karkace. Malamin da ya rage maki saboda an karya ƙa'idar daidaitaccen rubutu a jarrabawar da ita ake gwadawa ya yi aikinsa. Abin da ba shi da hurumi a kai shi ne ya tsallaka daga "bai ƙware a wannan ƙa'ida ba" zuwa "ba shi da kai." Ɗalibin da ake wa dariya kuma ya tuna da waɗancan ɗaliban Montreal. Babbar asara ita ce ya yarda da hukuncin, ya fara jin kunyar harshen da mahaifiyarsa ta yi masa tatsuniya da shi.

Abin da za a iya faɗa a kan wannan ra'ayi

Mai adawa da ni yana da hujja, kuma ya cancanci a saurare shi. Zai ce ganin farko ba kullum yake kuskure ba. A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa mutane bidiyon malamai suna koyarwa, na sakan 30 ba tare da sauti ba, kuma ƙiyasin da suka yi ya zo kusa ƙwarai da makin da ɗaliban waɗannan malamai suka ba su a ƙarshen zango. Zai kuma ce tsohon ɗan kasuwa yana gane mai ciniki da mai kallo tun daga tafiyarsu, kuma macen da za ta shiga motar haya da dare ba ta da lokacin bincike, dole ta bi abin da zuciyarta ta gaya mata. Zai ƙara da cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan ɗaliban jami'o'in Amurka, wasu ma da mutane kaɗan, kamar yadda Joseph Henrich da abokansa suka yi gargaɗi a 2010.

Na yarda da yawancin wannan. Sai dai binciken Ambady ya nuna cewa ganin farko yana hango yadda ɗalibai za su so malami, bai auna abin da suka koya a wurinsa ba. Ɗan kasuwa kuwa ya ƙware ne domin yana ganin sakamakon zatonsa nan take, sau ɗari a yini, kasuwa tana gyara masa kuskurensa. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya taɓa sanin abin da wanda ya kora zai iya yi, saboda haka babu abin da zai gyara masa zato, sai ya tsufa yana ganin idonsa ba ya kuskure. Ita kuma mai shiga mota, in zatonta ya yi kuskure asarar kaɗan ce, direba ya rasa fasinja ɗaya. Ma'aunin ke nan a ganina: a duba girman asarar in an yi kuskure, a duba kuma wanda za ta faɗa wa. A Aluu kusa da Fatakwal, a watan Oktoba na 2012, jama'a sun kashe ɗaliban jami'a huɗu bisa zargin sata. A Uromi ta jihar Edo, a watan Maris na 2025, an kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa Arewa bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. A wuraren biyu zato ne ya tsaya a gurbin shaida, kuma hukuncin da aka zartar ba ya janyuwa.

Ma'aunin da muka gada

A laccarsa da aka buga a 1974 kan ma'anar mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mai karatu ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya tambayi kansa nawa ne daga ciki za a iya gani a sakan guda. Ladabi kaɗai ake iya hangowa da wuri, shi ma mayaudari ya fi kowa iya shi. Amana sai an ba mutum ajiya an juya baya. Haƙuri sai an ɓata masa rai. Adalci sai an ba shi iko a kan wanda ba ya so. Shi ya sa aka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, aka kuma ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Ko karin maganar da ta ce hali zanen dutse, magana ce ta wanda ya daɗe da mutum ya ga abu yana maimaituwa a yanayi daban-daban. Wanda ya jawo ta bayan haɗuwa ɗaya ya ɗora mata kayan da ba nata ba.

Abin yi

Nasiha kaɗai ba ta magance wannan matsala, domin mai son zuciya a hukunci ba ya jin yana yi. Abin da ya fi aiki shi ne tsari. Daniel Kahneman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2002, ya ba da labari a littafinsa na 2011 cewa ya gano amsar farko ta ɗalibi tana rinjayar makin da yake ba sauran amsoshinsa. Sai ya koma gyara tambaya ta ɗaya a dukan takardu kafin ya taɓa ta biyu, yana rubuta makin a inda ba zai gan shi ba in ya dawo. Wannan ba ya cin ko sisi, kowane malami zai iya farawa a jarrabawa mai zuwa, tare da sa lamba a maimakon suna. Masu ganawa da masu neman aiki su rubuta abin da suke nema kafin kowa ya shigo, su yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane mai ganawa ya rubuta makinsa kafin babba a cikinsu ya buɗe baki. Mai binciken aure ya tambayi mutane da yawa, kowa daban, kuma in an ba shi siffa ya nemi labari: an ce yana da rowa, to yaushe, a kan me, yana cikin wane hali a lokacin? A hirar yau da kullum kuma mutum ya yi ƙoƙarin tsayawa a kan aikatau, ya faɗi abin da aka yi, ya jinkirta ɗafa-goshin ma- sai abin ya maimaitu.

Kammalawa

Na san wannan ba zai sa mu daina gani ko ji ba. Gobe in baƙo ya yi sallama, zuciya za ta riga baki amsawa kamar yadda ta saba. Abin da nake kira gare shi shi ne mu riƙe wannan amsa a matsayin zato mai jiran shaida, musamman idan alƙalami ko iko yana hannunmu.

Ga ɗalibai kuma ga wani ɗan aiki. A cikin mako guda, ka rubuta kowace jimla da ka ji an siffanta wani da ita a gida ko a makaranta ko a rediyo. Ka raba su gida biyu, waɗanda suka faɗi abin da mutum ya aikata da waɗanda suka faɗi ko shi wane ne. A gaban kowace ta gida na biyu, ka rubuta sau nawa mai maganar ya ga abin da idonsa, da kuma ko ya ambaci halin da mutumin yake ciki. Kada ka cire jimlolin da suka fito daga bakinka.